Gwajin Lafiya Kafin Ɗaukar Aiki: Abin da Ake Dubawa da Abin da Mai Ɗaukar Aiki Ke da Haƙƙin Sani

Gwajin lafiya kafin ɗaukar aiki shi ne binciken da likita ke yi wa wanda za a ɗauka aiki, domin a tabbatar jikinsa zai iya ɗaukar nauyin aikin ba tare da ya cutu ko ya cutar da wasu ba. A ƙarshensa ake bayar da takardar shaidar lafiya, wadda ma'aikatun gwamnati, bankuna, kamfanoni, asibitoci da hukumar yi wa ƙasa hidima ta NYSC ke nema. Mutane da yawa na shiga wannan gwaji gabansu na faɗuwa, don suna ganin ko da ɗan ƙaramin abu aka gano, aikin da suka daɗe suna nema ya kuɓuce ke nan. Wannan fargaba ce ke sa wasu su ɓoye ciwon da suka san suna da shi, wasu kuma su sayi takarda ba tare da likita ya ko kalle su ba.

Tambayar da likita ke amsawa a nan guda ɗaya ce: shin wannan mutumin zai iya wannan aikin? Ciwo ɗaya kan zama matsala a wani aiki, a wani kuma ba ruwansa. Mai farfaɗiyar da ba ta daina tashi ba bai dace da tuƙin tankar mai ko hawa ƙarfen sabis ba, amma ba abin da zai hana shi zama akanta ko malamin makaranta. Wanda ba ya bambance ja da kore zai sha wahala a aikin haɗa wayar lantarki ko tuƙin jirgi, alhali a ofis babu wanda zai ma lura. Saboda haka likitan da ya san aikinsa kan fara da tambayar wane irin aiki za ka yi kafin ya ɗora maka abin awo.

Wa ke biya, kuma yaushe ake yi?

Sashe na 8 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya ce duk ma'aikacin da zai shiga yarjejeniyar aiki, likita mai rajista ya duba shi, kuma mai ɗaukar aikin ne zai biya. Kalmar "ma'aikaci" a wannan dokar ta fi shafar masu aikin ƙarfi da ƙananan ma'aikatan ofis, ba ta haɗa da manyan jami'ai da ƙwararru ba. A zahiri, manyan kamfanoni kan tura mutum asibitin da suke hulɗa da shi su biya, ma'aikatun gwamnati kuwa sukan ce ka je asibitin gwamnati ka kawo takarda, kuɗin daga aljihunka.

Lokacin da ya dace a yi gwajin shi ne bayan an gama tantancewa an ba ka tayin aiki. Idan wani ya turo maka saƙo cewa ka samu aikin da ba ka taɓa zama intabiyu a kansa ba, ya kuma ce ka tura kuɗin gwajin lafiya zuwa asusun wani mutum, to ka riƙe kuɗinka. Wannan tsohuwar hanyar damfarar masu neman aiki ce. Kuɗin gwaji na gaskiya a wurin karɓar kuɗi na asibiti ake biya, a ba ka rasit.

Abin da ake dubawa

Kashi mafi muhimmanci shi ne hirar da likita zai yi da kai, ko da yake ita mutane suka fi rainawa. Zai tambayi ciwon da ka taɓa yi, tiyata, kwanciya asibiti, magungunan da kake sha, suma ko jijjiga, tari mai daɗewa, da cututtukan da ke cikin dangi. Bayan haka a auna tsawo da nauyi, a saurari zuciya da huhu, a taɓa ciki. Ga masu aikin ɗaukar kaya masu nauyi akan duba ƙaba da lafiyar baya da gaɓoɓi.

Awon hawan jini shi ne inda aka fi samun abin da ba a zata ba. Idan awo ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, ana ɗaukarsa ya hau, amma awo ɗaya ba ya isa a ce mutum na da hawan jini. Wanda ya taho da sauri cikin rana, ya ci goro a hanya, ga kuma fargabar rasa aiki, dole awonsa ya tashi. Ka'ida ita ce a bar mutum ya zauna ya huta aƙalla minti 5, a auna, a sake aunawa, in ya ci gaba da nuna sama a maimaita wata rana. Ko an tabbatar da shi, hawan jinin da ake shan magani ya daidaita ba ya hana yawancin ayyuka. Mutane da dama a wannan gwajin ne suka fara sanin suna da shi, kuma sun ci riba, domin hawan jini kan yi shekaru bai nuna wata alama ba yana lalata ƙoda da zuciya.

A gwajin suga akan ɗebi jini da safe bayan sa'o'i 8 ba a ci komai ba. Sakamakon da ya kai 126 a ma'aunin mg/dL, wato 7.0 a ma'aunin mmol/L, yana nuna ciwon suga, amma shi ma sai an maimaita kafin a tabbatar. Gwajin fitsari na neman suga, furotin da jini, waɗanda kan nuna matsalar ƙoda ko ta mafitsara.

Gwajin ido iri biyu ne. Na farko allon haruffa ne da ake karantawa daga nisan mita 6, kowane ido shi kaɗai. Idan kana sa tabarau ka zo da shi, domin a yawancin ayyuka abin da ake so a sani shi ne yadda kake gani da tabarau ɗin. Na biyu littafin Ishihara ne mai ɗige-ɗige masu launi da lambobi a ɓoye cikinsu, wanda ke gano rashin bambance launi. Wannan matsala gado ce, ta fi yawa ga maza, ba ta da magani, kuma da yawa ba su san suna da ita ba sai ranar gwajin.

Hoton ƙirji ana ɗaukarsa ne musamman don neman tarin fuka. A nan akwai kuskuren da ake yawan yi: wanda ya taɓa yin tarin fuka ya warke, tabo kan rage a huhunsa har ƙarshen rayuwa, kuma tabon zai fito a hoto. Tabo ba ya nufin cutar na nan. Abin da ke raba gardama shi ne gwajin kaki, musamman da na'urar GeneXpert. Idan kuwa an samu cutar, maganinta kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, ana shan sa wata 6 a mafi yawan lokuta, kuma mai shan magani yadda ya kamata kan daina yaɗa ta tun a makonnin farko. Hukuncin da ya dace da irin wannan mutumin shi ne a ɗage ranar fara aikinsa.

Masu aikin abinci, kamar na otal, gidan burodi da kicin ɗin makarantar kwana, akan ƙara musu gwajin bayan gida da duba fata da farce. Wasu wuraren har yanzu suna dogara da gwajin Widal don neman taifot. Wannan gwaji ne mai rauni, yakan nuna akwai cuta ga lafiyayyen mutum, musamman a yankunanmu da kusan kowa ya taɓa haɗuwa da ƙwayar. Bai kamata a hana kowa aiki saboda shi kaɗai ba.

Gwajin miyagun ƙwayoyi a fitsari ya fara yawaita, musamman a aikin tuƙi, tsaro da kamfanonin mai. Yana neman wiwi, kodin, tiramadol da makamantansu. Wasu magungunan asibiti na iya rikita sakamakon: wasu magungunan mura, da rifampicin da ake sha don tarin fuka, suna cikin waɗanda aka sani da haka. Shi ya sa ake so ka faɗi duk abin da kake sha kafin ka bayar da fitsari, ka kuma nuna takardar likitan da ya rubuta maka.

Shirin da za ka yi

Ka yi barci sosai a daren, ka zo da wuri don ka samu zama kafin a kira ka. Ka guji goro, kofi, taba da lemon ƙara kuzari aƙalla minti 30 kafin awon jini. Idan an ce kada ka ci abinci, ruwa bai shiga ciki ba, ka sha. Kada ka daina shan maganin hawan jini, asma ko farfaɗiya don gudun kada a gane. Daina shi ne zai sa awon ya fito da muni, ga kuma haɗarin da ka jefa kanka. Mai ciwon suga ya tambayi likitansa yadda zai yi da maganin safe a ranar. Mace mai jinin al'ada ta faɗa kafin gwajin fitsari, don jinin kan gauraya ya ɓata sakamako. Ka riƙo katin asibitinka da tsofaffin sakamako in kana da su.

HIV

Wannan shi ne ɓangaren da doka ta fi fitowa fili. Dokar hana nuna wariya ga masu ɗauke da HIV ta 2014 ta haramta wa mai ɗaukar aiki ya sa gwajin HIV ya zama sharaɗin bayar da aiki, ta kuma haramta korar ma'aikaci ko hana shi ƙarin girma saboda yana ɗauke da ƙwayar. Togaciyar da dokar ta yi ƙarama ce ƙwarai, kuma ba manaja ne ke yanke ta ba, sai an kawo hujjar likitoci cewa rashin gwajin na da haɗari bayyananne ga wasu. Ba a kuma yi wa mutum gwajin ba da saninsa da yardarsa ba.

Tun kafin dokar ma kotu ta taɓa yin magana. Wata ma'aikaciyar jinya a Legas an yi mata gwajin ba da saninta ba, aka kore ta a 1995. Shari'ar ta ja, har akwai lokacin da aka hana ta shiga zauren kotu saboda cutar, amma a 2012 Babbar Kotun Jihar Legas ta ce korar haramtacciya ce, ta ba ta diyyar naira miliyan 7.

Dalilin likitanci a bayyane yake. HIV ba ya yaɗuwa ta musabaha, cin abinci a kwano ɗaya, zama a ofis ɗaya ko amfani da banɗaki ɗaya. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 na ɗauke da shi, kuma mai shan maganinsa kullum yana aiki kamar kowa, yana tsufa kamar kowa. Duk da haka har yanzu akwai wuraren da ke cusa gwajin cikin jerin gwaje-gwaje ba tare da sun faɗa ba. Kana da damar tambayar mai ɗibar jini: waɗanne gwaje-gwaje za a yi da jinin nan, kuma wa zai ga sakamakon? Sanin matsayinka abu ne mai kyau da muke ƙarfafa kowa a kai, amma a cibiyar da za a yi maka bayani a kuma riƙe sirrinka.

Ciwon hanta nau'in B

A arewacin Najeriya wannan ya fi HIV hana mutane aiki, don ya fi shi yawa nesa ba kusa ba. Binciken 2018 ɗin ya samu kusan kashi 8 cikin 100 na manya ɗauke da shi. Akasarinsu tun suna jarirai ko ƙananan yara suka kamu, daga uwa wajen haihuwa ko ta kayan da ke huda fata, kamar askar da ba a tsaftace ba wajen kaciya, tsaga ko cire beli. Allurar rigakafinsa ba ta shiga jerin rigakafin yara a Najeriya ba sai 2004, don haka yawancin masu neman aiki da aka haifa kafin lokacin ba su samu ba.

Gwajin da ake yi shi ne HBsAg. Idan ya nuna akwai, abin da ya faɗa kawai shi ne ƙwayar na cikin jini. Bai faɗi ko hanta ta taɓu ba, bai faɗi yawan ƙwayar ba, bai kuma ce mutum ba zai iya aiki ba. Sai an ƙara gwajin aikin hanta, gwajin yawan ƙwayar a jini, da hoton ciki kafin likita ya san inda aka tsaya. Da yawa lafiyarsu ƙalau, abin da suke buƙata shi ne a riƙa bibiyarsu duk wata 6 zuwa shekara. Waɗanda ke buƙatar magani kuma akwai irin su tenofovir da ke danne ƙwayar sosai.

Jita-jitar da ta fi cutar da masu wannan lalura ita ce wai ana ɗauka ta gumi, ko ta cokali da kofi. Ba haka ba ne. Hanyoyinsa jini ne, saduwa, da uwa zuwa jariri. Malami, ma'aikacin banki, direba, mai dafa abinci, babu ɗayansu da ke jefa abokan aikinsa cikin haɗari. Inda ake taka-tsantsan shi ne ma'aikatan lafiya masu tiyata ko aikin da hannu ke shiga cikin jikin majiyyaci tare da abu mai kaifi, su ma abin da ake nema shi ne a danne ƙwayar da magani a riƙa aunawa. A ganinmu, hana ma'aikacin ofis aiki saboda HBsAg kaɗai ba shi da wata hujja a likitance. Sai dai dokar 2014 HIV ta ambata, don haka mai ciwon hanta da aka zalunta zai fi dogara ne da wasiƙar ƙwararren likita da kuma dokokin hana wariya a wurin aiki gaba ɗaya.

Wanda gwajinsa ya nuna ba shi da ƙwayar, wannan ce damar yin rigakafi, allura uku cikin wata 6. Ga duk mai shiga aikin asibiti, har da masu shara da wanki, wannan wajibi ne.

Sikila

Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne. AS ba ciwo ba ne, kuma ba dalilin hana aiki ba ne. Abin lura kawai shi ne a atisaye mai tsanani cikin zafi da ƙishirwa, irin na horon sojoji, ya kamata mai AS ya sha ruwa sosai, ya saba da atisayen a hankali, ya tsaya idan jiki ya ƙi.

Mai SS ko SC kuwa, aikin da ya dace da shi shi ne wanda babu yawan wahalar jiki, tsananin zafi ko sanyi, kuma zai samu shan ruwa da zuwa asibiti idan ciwo ya tashi. Akwai masu sikila likitoci, lauyoyi, malamai da 'yan kasuwa. Ayyukan ɗamara, wato soja, 'yan sanda da makamantansu, suna da nasu ƙa'idojin lafiya masu tsauri da suke bugawa a sanarwar ɗaukar aiki, gara mutum ya karanta su kafin ya kashe kuɗi da lokaci.

Gwajin jinotayif na yawan zuwa da kuskure a ƙananan ɗakunan gwaji. Idan sakamakon yau ya saɓa da wanda ka sani, a maimaita a babban asibiti. Wanda aka yi wa ƙarin jini cikin wata 3 zuwa 4 da suka wuce ya faɗa, domin jinin da aka ƙara masa zai rikita sakamakon.

Juna biyu

Dalili ɗaya ingantacce na tambayar mace ko tana da ciki shi ne hoton ƙirji da kuma aikin da ke da sinadarai ko hasken da ka iya cutar da ɗan tayi. Idan kina da ciki ko kina zato, ki faɗa wa likita kafin a kai ki ɗakin hoto. Akan ɗage shi ko a rufe ciki da rigar kariya. Ciki ba ciwo ba ne, kuma likita ba zai rubuta cewa mace ba ta dace da aikin ofis ko koyarwa ba saboda shi. Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ya ba ma'aikaciya hutun mako 6 kafin haihuwa da mako 6 bayanta, ya kuma hana a ba ta takardar kora tana cikin wannan hutun.

Me mai ɗaukar aiki ke da haƙƙin sani?

Hukuncin ƙarshe kawai. Likita kan rubuta ɗaya cikin huɗu: ya dace, ya dace bisa sharaɗi, kamar sa tabarau ko guje wa aiki a sama, bai dace ba na ɗan lokaci har a yi magani a sake dubawa, ko bai dace da wannan aikin ba. Sunan ciwo da lambobin sakamako tsakanin likita da mai su ne. Sashe na 26 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya ce bayanan lafiyar mutum sirri ne, ba a fitar da su sai da yardarsa a rubuce, ko umarnin kotu, ko tanadin doka, ko kuma idan ɓoyewar babbar barazana ce ga lafiyar jama'a. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ita ma ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake ba kariya ta musamman.

Abin takaici, wasu asibitocin kan tattara sakamako gaba ɗaya su zuba a ambulan su aika ofishin kula da ma'aikata, inda kowane magatakarda zai iya buɗewa. Kafin ka sa hannu a takardar amincewa, ka karanta abin da ta ce za a aika. Kuma ko kamfani ne ya biya, kana da damar a yi maka bayanin sakamakonka.

Ciwon da kake da shi tun da

Ga likitan da ke duba ka, ka faɗi gaskiya duka. Ga masu intabiyu kuwa, ba dole ba ne ka zayyana tarihin lafiyarka idan bai shafi aikin ba. Inda ya shafa, kamar farfaɗiya ga direba, ko ciwon suga mai allurar insulin ga mai aiki da injin yanka, ɓoyewa ganganci ne da ranka da na wasu. Ga kuma wata illa: fom ɗin da ka sa wa hannu ka ce ba ka da komai, idan aka gano daga baya, shi kansa ya isa hujjar kora, alhali ciwon da ka ɓoye wataƙila ba zai hana a ɗauke ka ba. Abin da ya fi amfani shi ne ka zo da wasiƙa daga likitan da ke bin ka, mai nuna tun yaushe kake shan magani da yadda ciwon ya lafa. Haka yake ga masu lalurar ƙwaƙwalwa irin ciwon damuwa da ke kan magani. Masu buƙata ta musamman kuma su san cewa dokar hana nuna musu wariya, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta nemi ma'aikatun gwamnati su yi ƙoƙarin ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki.

Takardar da ake saya a bakin asibiti ko a shagon kwamfuta ta fi kowace hanya haɗari. Matashi mai asma ko ciwon zuciya da ya kai takardar "lafiya ƙalau" sansanin masu yi wa ƙasa hidima, za a sa shi fareti da gudu da sassafe kamar kowa, don babu wanda ya san ya kamata a sassauta masa. Da takardar gaskiya ya kai, da an rage masa wahala, har yana iya neman a mayar da shi kusa da asibitinsa. Takardar bogi laifi ce ga mai ita, likitan da ya sa hannu bai duba mutum ba kuma yana iya fuskantar hukunci daga hukumar kula da likitoci ta ƙasa, MDCN. Takarda ta gaskiya na ɗauke da sunan likita, sa hannunsa, hatimin asibiti da kwanan wata.

Aiki a ƙasashen waje

Dokokin Najeriya ba sa bin mutum ƙetare. Saudiyya da sauran ƙasashen yankin Gulf suna gwada HIV, ciwon hanta da tarin fuka kafin bayar da bizar aiki, a cibiyoyin da su suka amince da su, sannan a sake gwaji bayan an isa kafin a bayar da iƙama. Sukan ƙi mutum saboda abin da a gida ba zai hana shi aiki ba, har da tsohon tabo a huhu. Wanda ejan ya yi wa dabara ya wuce gwajin gida, gwajin can zai kama shi, a dawo da shi bayan ya sayar da gona ko fili ya biya kuɗin tafiya. Shawarar da muke bayarwa ita ce mai niyyar irin wannan tafiya ya fara zuwa asibiti da kansa ya yi waɗannan gwaje-gwaje uku kafin ya ba kowa ko kwabo. Birtaniya kuwa tana neman takardar gwajin tarin fuka daga 'yan Najeriya masu zuwa zama fiye da wata 6, daga cibiyoyin da ta amince da su kaɗai, kuma takardar wata 6 take aiki.

Idan aka ce ba ka dace ba

Ka fara da neman ganin likitan da ya yanke hukuncin, ka tambayi dalili, ka karɓi kwafin sakamako. Gwajin gaggawa na iya kuskure, samfurin jini na iya musanyuwa, don haka a maimaita a asibitin koyarwa ko cibiyar lafiya ta tarayya mafi kusa, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato ko na Jami'ar Maiduguri. Idan sakamakon ya tabbata, ka ga ƙwararren likitan fannin, ka nuna masa bayanin aikin da aka ba ka, ya rubuta ra'ayinsa a kan ko ciwon zai hana ka yin sa. Ka kai wannan wasiƙa tare da takardar roƙon a sake duba hukuncin, ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa.

In an ƙi saurara kuma kana ganin wariya ce, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, akwai Hukumar Bayar da Tallafin Shari'a ga marasa ƙarfi, ga batun HIV kuma akwai hukumar NACA da takwarorinta na jihohi. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumin sauraren ƙarar wariya a wurin aiki. Shari'a na cin lokaci, kuma takardu ne ke riƙe ta: wasiƙar tayin aiki, saƙonnin waya, rasit da sakamakon gwaji, kada ka yar da ko ɗaya.

Wanda ya wuce gwajin ma ya ajiye kwafinsa, musamman mai shiga masana'anta. A kamfanin siminti, wurin fasa dutse, masaƙa ko majema, ƙura, ƙara da sinadarai kan yi illa a hankali cikin shekaru. Ƙarar da ta kai desibel 85 tsawon sa'o'i 8 a kullum na iya rage ji, kuma jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa. Dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke gudanarwa, ta tanadi diyya ga ciwon da aiki ya jawo, amma sai an nuna cewa aikin ne ya jawo shi. Gwajin ji, gwajin ƙarfin huhu da hoton ƙirjin da aka yi maka ranar shiga su ne shaidar yadda ka zo. Idan aikin irin wannan ne kuma ba a sa su cikin jerin gwaje-gwajen ba, ka nemi a ƙara su.